BAƘO A BAKIN TEKU

Magana ga 'yan'uwa masu zuwa zama a Kwatano

Ka karanta Irmiya sura 29, da Ayyukan Manzanni sura 18.

Kowace shekara in an gama girbi, ko rumbu ya cika ko bai cika ba, samari da magidanta suna ɗaure kayansu su tafi bida. Waɗansu Kano, waɗansu Legas, waɗansu Lome ko Abijan. Da yawa kuwa Kwatano suke nufa, babban birnin ciniki na ƙasar Benin. A cikinsu akwai 'ya'yan ikkilisiya: direba da yaron mota, mai gadi, ɗan makaranta, mai sayar da albasa, da matar da ta bi mijinta da goyo a baya. Waɗansu sukan ce wata uku za su yi, sai ga shi sun shekara goma. Wannan 'yar takarda dominsu ce, da kuma domin iyayen da suke sallamarsu.

Hanyar ba baƙuwa ba ce gare mu. Ƙasarmu ba ta da teku, don haka tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Kwatano a 1965, kayanmu da yawa ta can suka riƙa shigowa. A dā jirgin ƙasa yake ɗauko su daga Kwatano zuwa Paraku, kilomita 438, daga nan manyan motoci su kwaso su ta Kandi da Malanbil, su haye gadar kogin Kwara zuwa Gaya da Doso. Daga Yamai zuwa bakin teku ya fi kilomita 1,000. A 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka. Ko da aka ɗage takunkumi a Fabrairu 2024, gadar ta zauna a rufe ta wajenmu, matafiya suka koma haye kogi da kwalekwale. A Janairu 2025 kuma ƙasarmu ta fita daga CEDEAO. Saboda haka kada ka dogara ga labarin wanda ya yi tafiyar shekara biyar da suka wuce. Ka tambayi wanda ya dawo jiya, ka tabbata takardunka sun cika, ka riƙe su a jikinka.

To, ka isa. Me za ka tarar?

Abu na fari, jikinka zai sani ya bar gida. Zafinmu busasshe ne, in ka shiga inuwa ka huta. Na can jiƙaƙƙe ne, yana bin mutum har cikin ɗaki. Ka yi wanka, kafin ka sa riga gumi ya sāke rufe ka. Gishiri yakan jiƙe a cikin kwano, kwado da wuƙa su yi tsatsa, takalmin da ka ajiye ƙarƙashin gado ya yi furfura. Kilishin da tsohuwa ta ƙulle maka, wanda a Maraɗi zai yi watanni, a can ka ci shi da wuri ka ba maƙwabta. Damina biyu ce: babbar daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar daga wajen Satumba zuwa Nuwamba. Ruwan da yake sauka a shekara ya kai wajen milimita 1,300, na Maraɗi kuwa wajen 500 ne. Mu da muke duban sama muna roƙon hadari, za ka ga mutanen da suke roƙon ya ɗauke. Kwana ɗaya, biyu, abin yana ba ka sha'awa. A mako na uku, kana kwance da dare, ruwa yana dukan kwano, ba wanda ya san sunan ubanka a duk unguwar, sai kewa ta kama ka. Wannan ba zunubi ba ne. Mutanen Allah ma sun zauna a bakin kogunan Babila suna kuka da suka tuna gida. Amma abin da mutum ya yi da kewarsa, a nan ne maganar take.

WASIƘAR IRMIYA

A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar ya kwashe sarkin Yahuza da fādawansa, da maƙera da masassaƙa, ya kai su Babila. Su ba bida ta kai su ba, ɗaure su aka yi. Ba wanda yake so ya kwance kayansa. Aka kuwa sami annabawa masu gaya musu abin da kunnensu yake so. A Urushalima wani mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali ya ce shekara biyu kawai za a yi, kowa ya komo. Har ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya a gaban jama'a. Bai ga ƙarshen wannan shekara ba.

Irmiya kuwa ya rubuta wa 'yan bautar wasiƙa, ya gaya musu zaman zai kai shekara 70. Ya ce su yi gini su zauna a ciki. Su yi lambu su ci amfaninsa. Su yi aure su aurar da 'ya'yansu. Sa'an nan ya faɗi abin da ya fi duka wuyar haɗiya: su nemi alherin garin da ya ci su da yaƙi, su yi masa addu'a, gama zaman lafiyarsu yana ɗaure da nasa.

Ka lura, ɗan'uwa, ba wata al'ajibi Allah ya umarce su su jira ba. Tubali ne, da fartanya, da tukunya. Mutumin da ya ce "ai gobe zan koma" ba ya gyara ɗakin da yake kwana, ba ya koyon gaisuwar maƙwabcinsa, ba ya neman ikkilisiya, ba ya jin kunyar kowa, gama a ganinsa wannan zama ba a lissafinsa. Yana tsammani ransa na gaske yana can gida an rataye shi a ƙusa, sai ya koma ya ɗauka. Amma kwanakin da kake yi a Kwatano daga cikin kwanakin ranka ake cire su, ba daga na wani ba. Allahn da ka yi wa waƙa a Tsibiri ko a Galmi bai tsaya a Gaya ya ce ka je ka dawo ba. Tun kafin ka hau mota yana can.

ƊAKI, BAKI DA CIKI

Bari mu yi maganar ɗaki. Kwatano tana kwance a kan rairayi, tsakanin teku a kudu da tabkin Nokuwe a arewa, mashigin ruwa kuma ya raba ta biyu, Akpakpa tana gabas da shi. Wurare da yawa fadama ce aka cike. Unguwanni irin su Agla da Bosa sun san ambaliya, a 2010 kuwa ruwa ya yi ɓarna ƙwarai a ƙasar duka. In dillali ya kai ka ganin ɗaki da rani, kada ka dubi fenti. Ka dubi gindin bango, ruwa yakan bar shaidarsa. Ka tambayi matar da take tuya a ƙofar gida inda ruwa ya tsaya bara, ita ba ta da riba a cikin ƙarya. Ɗakin da ya cika arha akwai dalili. Duk kuɗin da ka ba mai gida, na ajiya ko na wata, ka karɓi takarda da sa hannu. Ka sayi gidan sauro tun kafin ka sayi rediyo, gama sauron can bai san rani ba. In zazzaɓi ya kama yaro, a kai shi likita a ranar, kada a tsaya sayen ƙwaya a bakin hanya.

Kusan kowane baƙo daga arewa a Zongo yake fara sauka. Can za ka ji Hausa da Zabarmanci da Dendi, ka sami fura da tsire da shayi, ka sami wanda ya san ƙauyenku. Ka gode wa Allah domin wannan, ka girmama dattawan wurin, gama sun riƙe baƙi da yawa ba don an biya su ba. Sai dai akwai mutumin da zai shekara ashirin a Kwatano bai san kome ba sai Zongo da tasha. Wannan bai yi abin da Irmiya ya faɗa ba. Mutanen garin yawancinsu Fon suke ji, akwai Gun da Mina da Yarabanci, Faransanci kuma shi ne na ofis da lekwal. Ba a ce ka zama malamin Fon ba. Amma da safe ka ce wa maƙwabcinka "A fon ganji a?", wato ka tashi lafiya? Zai yi dariyar bakinka, ya gyara maka, gobe shi zai fara gaishe ka. Mu Hausawa da muke zargin wanda ya wuce mu ba sallama, bai kamata mu zama marasa gaisuwa a garin wasu ba.

Kuɗin ɗaya ne da namu, sefa ce, amma lissafin dabam. Mu da dala muke ƙirga. In ka ce "ashirin" kana nufin dala ashirin, wato faran 100. Mai kaya a kasuwa in ta faɗi kuɗi da Faransanci, faran take nufi ɗai ɗai. Baƙi da yawa sun yi faɗa a kan wannan, kowa yana ganin an cuce shi, alhali ba mai cuta. Haka kuma mai babur, wanda suke kira zemijan, mai rigar rawaya da lamba a baya: ku gama ciniki kafin ka hau, ka sa hular kwano. Ma'anar sunan da Fon ita ce a kai ni da sauri, suna kuwa cika sunansu.

Tuwon can na masara ne, akwai garin rogo, da manja, da kifi, da barkono mai sa hawaye. Gero yana samuwa amma da tsada. Uwargida, kada ki zubar da kuɗin mijinki wajen neman girkin Tasawa a bakin teku kullum. Ki shiga wurin maƙwabciyarki ki ga yadda take yin miyarta, ke ma ki nuna mata dambu da kopto. Zumunci da yawa a bakin murhu ya fara.

Magana ɗaya a kan tekun kansa. Yaron da ya saba iyo a tabki ko a gulbi da damina yana tsammani ya iya ruwa. Teku ba gulbi ba ne. A gaɓar Kwatano igiyar ruwa tana jan mutum ta ƙasa, ta shige da shi ciki, 'yan garin ma suna tsoronta. Ka je ka gani, ka yabi wanda ya yi shi, ka tsaya a kan rairayi.

AKILA DA BILKISU

Littafi Mai Tsarki ya san irin wannan gari. Koranti tana kan wani siririn wuyan ƙasa, teku a gabas, teku a yamma, kowane gefe da tasharsa ta jiragen ruwa. Fatake da matuƙan jirgi daga ko'ina suna haɗuwa a can, da kuɗi, da gumaka, da karuwai. Wajen shekara ta 49 bayan haihuwar Almasihu, sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma. A cikin korarrun akwai wani mutum Akila da matarsa Bilkisu. Suka sauka a Koranti ba gona, ba dangi. Abin da suke da shi sana'ar hannu ce, ɗinkin tanti. Suka buɗe rumfa. Bulus ya zo, shi ma baƙo, sana'arsu ɗaya, ya zauna a gidansu suna aiki tare. Ya yi shekara ɗaya da wata shida a garin.

Ina son labarin mutanen nan biyu ƙwarai. Daga Koranti suka koma Afisa, daga baya muka sāke jin su a Roma. Ƙaura bayan ƙaura, amma a Afisa da a Roma duka, an ce akwai ikkilisiya da take taruwa a gidansu. Ba a rubuta mana wa'azinsu ko ɗaya ba. Ƙofarsu ce a buɗe, aikinsu kuma ba ha'inci. Kai mai gadi, kai yaron mota, ke mai tuya, ba ku fi su talauci ba a ranar da suka sauka. A tashar jirgi da wurin sayar da tsofaffin motoci za a nuna maka hanyoyin samun kuɗi da sauri: takardar ƙarya, kaya a ɓoye ƙarƙashin kaya, saƙon da ba a so ka tambayi abin da yake ciki. Wanda ya ba ka saƙon ba shi zai kwana a kurkuku ba. Ko da ba a kama ka ba, da wane baki za ka yi addu'a a kan wannan kuɗi?

Bulus ma ya ji tsoro a Koranti, har Ubangiji ya yi masa magana da dare ya ƙarfafa shi, ya gaya masa yana da jama'a da yawa a wannan birni. A garin da mutum zai ce ba na Allah ko ɗaya! To, haka yake a Kwatano.

WUTSIYA

Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. A kan tuwo da gaisuwa da tufafi, karin maganar nan gaskiya ce. Amma akwai wutsiyar da mai bi ba ya ɗaurawa.

Kudancin Benin ƙasar bodun ce, addinin kakanninsu, ba kuwa a ɓoye ake yinsa ba. Kasuwar Dantokpa, wadda shekara da shekaru ita ce uwar kasuwannin garin, sunanta ma daga Dan ya fito, macijin da suke yi wa tsafi a bakin ruwa. Cikin shekarun 1990 aka ba addinin ranar hutu ta ƙasa, ana kuwa yin babban bikinsa a Wida cikin watan Janairu. Za ka ga Zangbeto, mai kama da jinkar ɗaki tana tafiya tana juyi, wanda suke ɗauka mai tsaron dare. Za ka ga manja da gashin kaza a mararraba. Kada ka yi ba'a, kada ka taɓa, kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoto ba izini. Ka ba su hanya ka wuce. Kada kuma ka ji tsoro. Ga inda haɗarin yake: baƙo ya tsorata, sai wani ɗan garinsu ya ce masa nan fa sai da tsari, ya kai shi a yi masa laya ko guru. Mutumin da ya ƙone layunsa ranar da ya tuba, ya zo bakin teku ya sayi sababbi! Yesu da ya mutu ya tashi, ikonsa ba ya raguwa da nisan hanya.

Masu bi na Koranti sun tambayi Bulus a kan naman da aka yanka wa gumaka. Amsarsa tana cikin wasiƙarsa ta fari gare su, sura 8 da 10, ta kuwa ishe ka. Abin da ake sayarwa a kasuwa ka saya ka ci, ba sai ka bi diddigi ba. In maƙwabci ya kira ka cin abinci, ka je. Amma in aka ce maka wannan na tsafi ne, ka janye hannunka da ladabi, domin kada mai gida ya zaci kai ma ka yarda da abin.

Sai giya. Suna da wata mai ƙarfi da ake dafawa daga bammi, sunanta sodabi, arha ce, ana kuwa miƙa wa baƙo ita don girmamawa. Ka ce ruwa ya ishe ka, ba za su ji haushi ba. Sai kuma matar da za ta dafa maka, ta wanke maka, ta ce ai ba wanda zai sani. Ba zan tsawaita ba. Ka tuna da wadda ka tsaya da ita a gaban ikkilisiya. In zamanka zai daɗe, ka yi ƙoƙari ka kawo ta, ko da ɗaki ɗaya ne. In ba hali, ka sa ranar aike, ka cika ta ko kaɗan ne, ka kira ta ita kanta, ba ta bakin ƙaninka ba.

TSAKANIN ZONGO DA MAJAMI'A

Akwai wani nauyi da Bahaushe mai bin Yesu yake ɗauka a can, wanda ba kowa ya gane shi ba. A Zongo, da an ji Hausarka an ɗauka kai Musulmi ne. A majami'a, da an ga rigarka da hularka sai a yi ta kallonka, ana tambaya me ya kawo wannan. Sai ka ga kamar ba ka da wuri ko'ina. Abu mai sauƙi shi ne ka yi shiru, ka ɓoye Littafinka a ƙasan jaka, ka sāke suna. Wata shida ka yi haka, ba za ka iya warwarewa ba sai da kunya mai yawa. Gara tun ranar fari, in mai masaukinka ya kira ka salla, ka gaya masa da ladabi kai Kirista ne, ranar Lahadi kake zuwa sujada. Ba gardama, ba zagin addinin kowa. Mai yiwuwa fuskarsa ta canja. Mai yiwuwa kuma ya ce Allah ya ba mu alheri, gobe ya ba ka ajiyar kuɗinsa, don ya ga ba ka iya ƙarya ba.

Majami'u kuwa a Kwatano ba su ƙirguwa. Akwai Katolika, akwai Metodis waɗanda suka daɗe a ƙasar tun ƙarni na 19, akwai masu fararen riguna marasa takalmi, waɗanda Samuel Oshoffa ya kafa ƙungiyarsu a Porto Novo a 1947, akwai sababbi a kowane lungu da lasifika. Mishan ɗin da ta fara aiki a Damagaram a 1924 ta yi aiki a Benin ma, asibitin Bembereke da ka wuce a hanya kafin Paraku nata ne tun asali, ikkilisiyoyin da suka fito daga aikin kuwa ana kiransu UEEB. Ka tambaya inda suke taruwa. Duk inda ka shiga, ka auna da abu uku: ana buɗe Littafi a karanta? Ana ɗaukaka Yesu ko mai wa'azi? Ana sayar da addu'a? Inda aka sa wa ruwa ko mai ko kyandir kuɗi aka ce shi zai buɗe maka hanya, Hananiya ne ya sāke riga. Ka ɗauki takalminka.

In ka sami ta gaskiya, ka zauna, ko da rabin wa'azin ya wuce ka. Za su yi kiɗa da rawa fiye da yadda muka saba, sujada kuma ta yi tsawo. Kada ka zauna a baya kana cewa a ranka mutanen kurmi ba su da natsuwa. A gidan Saminu majemi, a Yafa, a bakin teku, Allah ya koya wa Bitrus kada ya ƙara kiran wani mutum mai ƙazanta, kashegari kuwa ya kama hanyar gidan Karniliyas. Ka tuna kuma kakannin waɗannan mutane sun yi baƙunci a wurinmu. Malaman lekwal da akawuna da yawa a ƙasarmu 'yan Dahome ne a dā, har a ƙarshen 1963, da rikici ya tashi a kan tsibirin Lete, aka kore su suka koma gida da abin da hannu ya iya ɗauka. Akwai tsofaffi a can da ba su manta ba. In aka karɓe ka da "kwabo", wato sannu da zuwa, ka san alheri ne aka yi maka.

Sa'ad da Afolos zai tashi daga Afisa zuwa ƙasar Akaya, 'yan'uwa suka rubuta wa masu bi na can su karɓe shi. Bulus ma ya rubuta irin wannan shaida domin Fibi, mai hidima a ikkilisiyar Kankiriya, tashar jirgin Koranti ta gabas. Wannan al'ada ta fara sakwarkwacewa a wurinmu, yara suna tafiya da asuba ba wanda ya sani sai an ga gurbinsu a ƙungiyar waƙa. In ranar tafiyarka ta kusa, ka zo wurin fasto da dattawa tun da sauran mako guda. Za a yi maka addu'a a gaban jama'a, a rubuta maka takardar shaida da Faransanci, da sunanka da ranar baftismarka, a nemi wani ɗan'uwa da ya riga ka zuwa ya tarye ka a tasha. Ka sa takardar da Littafinka cikin leda saboda laima. Ranar Lahadi ta fari, ba ta biyu ba, ka miƙa ta ga dattawan can hannu da hannu, sa'an nan ka aiko mana da sunan majami'ar da unguwar da take.